Na Wuni a Kan Keke

Daga Yaya

Auta,

Gaisuwa mai yawa daga yayanki tela, wanda likitoci suka gaji da ganin fuskarsa suka koro shi gida. Ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki, da hannun nan naki na hagu da sanyi ke tayar wa. Antinki na gaishe ki. Ni dai da sauƙi, kumburin ƙafar ya saɓe har takalmina ya koma shiga. Numfashin ne ke yi mini gardama idan na hau matakala. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, a bi ta a hankali, a rage gishiri. Antinki ta riƙe maganar gishirin nan da hannu biyu, abincin gidan nan yanzu ko kaza aka zuba wa sai ta kawar da kai.

Wasiƙarki ta same ni a gadon asibiti. Na karanta inda kika ce motar haya a gindin tudu take sauke ki, sauran hanyar makarantar duk duwatsu da ramuka, kina hawa da jakar littattafai a hannu ɗaya. Na daɗe ina kallon layin nan.

To ga labari, kuma kada ki yi mini faɗa. Ranar da na koma ganin likita, a hanyar dawowa na bi ta layin 'yan gwanjo, sai na hangi wani tsohon keke a jingine bayan tarin kujeru. Irin na hawan dutse ne, mai faɗin taya. Fentinsa kore ya ɓaɓɓare, kaca ta yi tsatsa ta ƙage, sirdi ma babu, sai ƙarfe tsirara. Na kira maƙwabcina mai gyaran keke ya zo ya duba mini. Ya bi firam ɗin, wato gangar jikin keken, da yatsa yana neman tsaga a wuraren walda, ya juya ƙafafun ya ga ba su karkace ba, ya ce in dai ƙashin lafiya yake, sauran a hankali ake tarawa. Muka yi ta ja da mai gwanjon, ina tsaye ina haki, har ya ce in ɗauka in tafi kafin in faɗi masa a shago.

Gaskiya giyar ce ta ja ni, Auta. An ce da ita ko tudu ya kai ina, mutum zai hau bai sani ba.

Kin yi alkawarin zuwa a hutun rabin zango, na riƙe ki. Kuma ki daina kiran waya, ba na jin daɗinta, na fi son alƙalami.

Yayanki.

Daga Auta

Yaya,

Na gode wa Allah da aka sallame ka. Ina lafiya, hannun ma ya yi shiru tunda sanyi ya ragu. Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata ina bayanta a maganar gishiri, ko hawayenka ya zuba a miya ta zubar ta sake wata.

Saura kaɗan ka kashe ni a ɗakin malamai. Na buɗe takardarka idona ya faɗa kan layin ƙasa, na ga ka rubuta giya ce ta ja ka. Wallahi sai da gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ciwo ya taɓa wa Yaya kai. Sai da na koma sama na gane ta keke ce. Malamar lissafi da ke gefena ta tambaye ni abin da ya sa nake dariya da ƙwalla, na rasa ta inda zan fara.

Amma faɗan da ka ce kada in yi, sai na yi. Mutumin da matakalar gidansa ke gagara, shi ne ya sayo keken hawan dutse? Wane dutse za ka hau? Ka tambayi likita kuwa? Na san halinka, idan ka sa abu a gaba sai ka ga ƙarshensa, ko da ƙarshen naka ne zai riga zuwa. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ba da wasa nake faɗa ba. Ba ni da kowa a sama sai kai.

Ka tuna mini da keken Baba. Kai kana tuƙi ni ina baya a kan kariya, na rungume ka da hannun dama, na hagun yana lilo. Sau ɗaya na roƙi Baba in koya, ya kama yatsuna na hagu ya ɗora a kan birki ya ce in matse. Ban iya ba. Ya sauke ni kawai ya saya mini alewa. Tun ranar ban sake tambaya ba.

Shugabar makaranta tana neman wanda zai zauna a hutun rabin zango ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bita, ta kuma zuba mini ido don ba ni da miji ba ni da 'ya'ya. Na ce mata yayana ba shi da lafiya, tafiya zan yi. Ta ce in sake tunani. Ni dai na riga na fara haɗa kaya.

Ka faɗa mini gaskiyar jikinka, ba gaskiyar keke ba.

Ƙanwarka.

Daga Yaya

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da malamar lissafi. Jiki da godiya. Ana sha da magani, ana haƙuri da miya.

Tunda kin ƙi labarin keke, shi zan ba ki. An ɗaga shi a ƙofar shagona, a kife, ƙafafunsa a sama. Kacar na jiƙa ta a kalanzir kwana da kwanaki, na bi ta da tsohon burushin haƙori gaɓa bayan gaɓa, na ɗiga mata man keken ɗinki. Uku daga gaɓoɓin sun ƙi sakewa, mai gyara ya cire ya sa wasu. Sabuwar taya ta fi ƙarfina, sai ya zaro mini biyu masu sauran haƙora daga wani mataccen keke da mai shi ya manta da shi a rumfarsa. Shokobar gaba ta mutu murus, gyaranta kuma ya fi kuɗin keken. Ya ba ni shawara a sa ƙafar gaba ta zallan ƙarfe, ya ce ta fi sauƙin ɗauka, kuma ba ta da ranar lalacewa. Na yarda, don ba na son abin da zai riƙa kai mutum wurin gyara.

Sirdi na samu mai faɗi, fatarsa ta yage, amma wannan ai gidan tela ya zo. Na cusa masa soso na rufe shi da ƙyallen tamfol. Giyar kuwa mun sha fama. Da farko in an taɓa sai kacar ta yi tsalle ta faɗi, yanzu tana hawa ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaranta mai daɗi. Mafi sauƙin cikinsu, in kika juya feda da yatsa ɗaya ma sai ta tafi.

Kin ce in faɗa miki gaskiyar jikina. To jiya na wuni a kan keke, tun safe har rana ta yi sanyi, ban sauka ba sai da Antinki ta fito ta yi mini tas. Ƙafar ta ɗan tashi da yamma, amma rabon da in ji raina fes haka tun kafin ciwon nan.

Abin da ya rage birki ne. Na sa mai gyara ya haɗa wayar gaba da ta baya a maƙama guda, a hannun dama. Ya ce bai taɓa yi ba, na ce to yau ya fara. Ya gwada sau biyu na baya yana riga kamawa da ƙarfi, yanzu yana neman daidaita su.

Ki taho da rigar sanyi, ɗakinki yana da iska.

Yayanki.

Daga Auta

Yaya na kaina,

Ban taɓa karanta wasiƙa na tashi tsaye ba sai wannan. Wuni guda a kan keke! Kai da ake riƙe ka zuwa banɗaki a asibiti! Na karanta wa malamar lissafi, na karanta wa mai gadi, har matar da nake haya a gidanta sai da ta ji. Na janye faɗana gaba ɗaya. Ashe keken gwanjo ya fi ƙwayoyin likita aiki. Ina ka je? Ka kai har bakin gada? Ka bi a hankali dai, ka riƙa tafiya da ruwa.

Tunda haka ne, bari in faɗa maka abin da na yi, kada ka ji haushi. Na je na ce wa shugaba na amince zan zauna hutun nan in yi wa yaran bita. Tausayi suke ba ni, rabinsu har yanzu ba su iya rubuta sakin layi ba, jarrabawa kuma ta matso. Da ƙarshen zango hutun ya fi tsawo, sai in zo in zauna maka har ka gaji da ni. Na kwance kayan da na ɗaure, hankalina kwance.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Me ya sa ka mayar da birki duka hannun dama? Me ya sami na hagun? Ka tuna yadda ciwon Baba ya fara, kofi ne ya suɓuce masa daga hannun hagu muna dariya, kafin sati ɓarin jikinsa ya shanye. Idan kana jin nauyi ko dindiris a hannun nan, ka faɗa mini yau, in je in ce wa shugaba na fasa, ta yi duk abin da za ta yi. Kada ka ɓoye mini.

Ka ajiye mini kariya. In na zo sai ka goya ni kamar da.

Ƙanwarka.

Daga Yaya

Auta,

Muna nan, da godiya. Hannuna na hagu lafiyarsa ƙalau, na rantse miki. Ga shaida nan a ƙasa, da shi na sa hannu, ki ga yadda ya fi rubutun ɗalibanki kyau.

Na ga kin ɗaga zuwan. Yaran mutane ne, ki tsaya musu, haka na san ki. In dai an gama da wuri, kada ki jira komai, ki hau motar farko.

Birki ya daidaita. An sa kariya, an sa ƙararrawa. Fentin na bar shi yadda yake, ɓarawo ba ya kallon keke mai ƙuraje.

Yau ban da dogon rubutu, biron ne ba ya ja.

Yayanki, da hannun hagu.

Daga Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma ƙorafi. Wasiƙa biyu na aiko babu amsa. Ko keken ya tafi da kai wani gari ne? Na karya dokarka na kira waya, Anti ta ce kana barci. Na sake kira, ta ce ka ɗan kishingiɗa. Mutumin da ke wuni a kan titi dole ya yi barci, na ce, amma muryarta ba ta yi mini ba. Ko kun yi faɗa ne a kan gishiri?

Sa hannunka na hagu na liƙa shi a bango, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na yarda lafiyarsa lau.

Jarrabawa ta kusa ƙarewa, saura gyaran takardu. Na saya maka hular rana mai baki, irin ta masu yawo a keke. Ka tanadi labari.

Ƙanwarka.

Daga matar Yaya

Auta,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu. Ina fatan kin koma lafiya. Ni ina nan, ƙanwata ta zo tana taya ni zama.

Da kika zo gida cike yake, ke ba kya iya magana ni ba na iyawa. Kin tambaye ni sau ɗaya ko a kan keken ya faɗi, na girgiza kai kawai, aka kira ni. Na ga kin koma da tambayar a bakinki, shi ya sa na zauna na rubuta, duk da rubutu ba aikina ba ne.

Auta, yayanki bai taɓa hawa keken nan ba. Ko sau ɗaya. Daga ɗaki zuwa shago ma sai ya huta a hanya. A kan kujera yake zama a ƙofar shago, mai gyara yana aiki shi yana nuni, abin da ake yi a zaune kawai yake karɓa. Ranar da ya rubuta miki ya wuni a kan keke, keken ɗinkinsa yake nufi. Jakunkuna biyu ya ɗinka na ratayawa a kariya, ya auna su da manyan littattafai don ya tabbata za su shiga. Wannan ne ɗinkinsa na ƙarshe. Bai san za ki ɗauka wani abu daban ba, shi a bakinsa ai keke ɗaya ne tun yana yaro.

Da amsarki ta zo, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce ya rubuta ya gyara, ko ni in kira ki. Ya ce in bar ki, bai taɓa ganin kin yi murna irin wannan a takarda ba, ba zai zama shi ne zai karɓe ta ba. Ya ce zai kai ƙarshen zango. Ni ma na yarda zai kai, don ina so in yarda. Wayar da ya hana ki, don kada ki ji numfashinsa ne. Ranakun da kika kira, yana jin muryarki daga inda yake kwance, yana yi mini alama da hannu.

Keken naki ne tun ranar da ya gan shi. Ya ce tudun makarantarku ne ya hana shi barci a asibiti. Birkin don hannunki aka mayar dama. Na yi mamaki da ba ki gane ba, shi kuwa ya ji daɗi, ya ce alama ce kin manta da hannun, haka yake so. Niyyarsa in kin zo ya zauna a ƙofar shago mai gyara ya riƙe miki kariya, shi yana ba da umarni.

Lokacin da kika zo keken yana rumfar mai gyara, ban iya ce miki ki je ki gani ba. Na ba direban motar kaya da ke bi ta wajenku, zai sauke miki a gindin tudun. Hular da kika kawo na sa ta a jakar dama. Ki yafe mini shirun da na yi.

Antinki.

Daga Auta

Anti,

Ina gaishe ki da ƙanwarki, ya haƙuri. Babu abin da zan yafe, ke kika yi jinya, ni ina nan ina gyara sakin layi. Keke ya iso lafiya, ƙararrawar ce kawai ta ɗan lanƙwashe a mota.

Na fito da wasiƙunsa na bi su layi layi. Babu inda ya ce ya hau, babu inda ya ce ya je wani wuri. Ni na ɗora shi a kai, ni na kai shi bakin gada, har da ba shi ruwa. Malamar harshe ce ni, Anti, kullum ina gaya wa yara su karanta abin da ke kan takarda, ba abin da suke so ya kasance ba. Na ji haushinsa kwana biyu, na ji haushin kaina fiye da haka. Yanzu kewarsa ce kawai ta rage, kuma ta fi duka nauyi.

Sati guda keken yana jingine a ɗakina ban taɓa shi ba. Jakunkunan har yanzu ƙanshin shagonsa suke yi, man keke da sabon yadi. Ɗinkin ta dama a miƙe yake kamar yadda kika san aikinsa. Na ta hagu kuwa, wajen ƙarshe, layin ya ɗan kauce ya dawo. Na san a nan ne kika fito kika yi masa faɗa.

Ranar hutu malamar lissafi ta zo ta ce ko in fito da shi ko ita ta fito da ni. Muka je filin makaranta ta riƙe kariya. Na faɗi, na sake faɗi, na ƙuje gwiwa, mace da girmanta. Can na ji ta yi shiru a bayana, na waiga na hango ta nesa tana tsaye. Na tsorata na nufi katanga, na matse hannun dama. Keken ya tsaya cak, gaba da baya lokaci guda, bai jefar da ni ba. A nan na sauka na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a gidanku ba.

Yanzu da shi nake zuwa aiki. Rabin tudun nake hawa, sauran in tura, littattafai suna cikin jaka hannuwana duka biyu a kan keke. Giyar nan da ta ja shi gaskiya ce, in na sa mafi sauƙin sai in ji kamar wani ne ke turo ni ta baya.

Jiya na kai wa mai gyara na nan ya miƙe ƙararrawar. Ya dube ni ya dubi keken, ya ce Malama sirdin nan ya yi miki ƙasa sosai, gwiwarki za ta yi ciwo, wanda ya saita shi yarinya ya auna. Ya ɗauko sifana zai ɗaga. Na tuna Yaya bai taɓa tambayata tsawona ba, tela ne, da ka ya yanka. A idonsa har yanzu ina nan yadda nake a kan kariyar Baba.

Na ce ya gyara ƙararrawar kawai, ya bar mini sirdin yadda yake.

Auta.